Turaren Iya a Ranar Dashe

Ɗan tayi ɗaya ya rage wa Sa'adiya a asibitin haihuwa, yana kwance cikin ƙanƙara tun bara. Sauran an dasa mata su a mahaifa, ba wanda ya zauna. Wannan kuwa ta shaƙu da shi tun ba ta gan shi ba. A ma'aikatarsu sai ta tsaya da biro a hannu, tana hango shi yana barci a wani farin ɗaki, tana tunanin ko sanyi na damunsa. Allurai sun sa ko tafiya take sai ta ji kamar cikin ruwa take.

Ana gobe dashe mahaifiyarta, Iya, ta iso daga Abaji. Ita kuwa Iya ko barka za ta, sai unguwa ta san ta wuce saboda ƙamshin turarenta. Da safe Sa'adiya na wanka, Iya ta kifa kwando a kan kasko, ta turara mata riga da mayafi tana tofa addu'a. A asibiti an gargaɗi Sa'adiya kada ta shafa komai mai ƙamshi, kuma ba ta shafa ba. Amma hancin da ya tashi cikin hayaƙin Iya, ina zai ji? Ta zura riga, hankalinta na can wurin mai barci.

A ƙofar ɗakin dashe nas Perpetual ta ja numfashi, ta tare hanya.

"Madam, ka sa turare? Ai mun faɗa maka baby ɗin ba ya son ƙamshi. Kuma an riga an fito da shi daga sanyi, ba zai jira mu ba."

Sa'adiya ta ja mayafinta ta shinshina.

"Ni ce, 'yar nan," in ji Iya a sanyaye. "Albarka na sa mata."

Perpetual ta tura Sa'adiya banɗaki da sabulu marar ƙamshi da rigar asibiti. Ta cuɗa jiki da gashi tana kuka, ga mara cike da ruwan da aka sa ta sha saboda dashen. Sai da nas ta shinshina wuyanta ta gyaɗa kai aka shigar da ita. Likita ya nuna mata allon na'ura, ta ga ɗan ɗigon haske ya ratsa duhu a hankali ya tsaya. A ranta ta yi masa sannu da zuwa.

Da ta fito ba Iya a kan benci. Can wajen get ta hango ta, tsaye cikin rana, nesa da kowa. Ta nufe ta, Iya ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, kar ki matso."

"Iya, an gama fa. Ya shiga."

Iya ta ƙara ja da baya, idonta a kan cikin 'yarta.

"Daga nan ƙamshina ba zai kai gare shi ba, ko?"