Ƙudan Zuman Maƙwabci

Alasan mutumin Tawa ne. Hanyar Tarabulus ta tsaya masa a Sabha, sai ya kama aiki gidan Haj Mahmoud a unguwar Abdulkafi, yana shara da wankin mota.

Wata rana mai gidan ya dawo da dashen lalle cike da bayan mota. An gaya masa itace ne mai jure ƙishirwa, furensa kuma na ƙamshi. Alasan ya jera su jikin katanga. Duk baƙon da ya zo, sai Haj Mahmoud ya kai shi ya nuna masa shukar da ba ta bukatar ruwa, alhali safe da yamma yana sa Alasan ya yi mata ambaliya da tiyo, don masu wucewa su san tankin gidan ba ya ƙafewa.

Duk da haka lallen bai mutu ba. Da ya yi fure, fari ƙanana, ƙamshi ya cika layin, ƙudan zuma suka sauka. Haj Mahmoud ya yi ta murna har ranar da ya ji cewa maƙwabcinsa Idirisa, tsohon direban sahara, yana da amya a saman soro. Wato furen nasa, zumar ta Idirisa.

Ya kira Alasan, ya ba shi mafici, ya ce daga yau ya tsaya gadi. Ƙudan daji su sha abinsu, sadaka ce, amma na Idirisa a kore su.

"Mudir," in ji Alasan, don haka ake kiran mai gida a can, "ta yaya zan gane na Idirisa?"

"Sun fi ƙiba. Furena suke ci."

Alasan bai yi musu ba, don aikin ya fi wankin mota sauƙi. Ya riƙa zama a inuwa yana kaɗa mafici idan ya ji motsin mai gida. Rannan ya kaɗa da gaske saboda ana kallonsa, ƙudan suka taso masa, suka harbe shi a ido da leɓe.

Haj Mahmoud ya ce wannan hari ne daga gidan Idirisa. Ya sa aka lulluɓe shukar duka da gidan sauro, furen ya soma bushewa a ciki. Da yamma Idirisa ya shigo duba Alasan da kwalbar zuma a hannu. Mai gidan ya karɓe, ya lasa, ya ce lallai ɗanɗanon gidansa ne, ya shige da ita ciki.

Kashegari aka aiko wa Alasan cewa motar Tarabulus za ta tashi, ya je ya shiga. A shingen farko ɗan sanda ya dubi hoton takardarsa, ya dubi kumburarriyar fuskar, ya ce ba shi ba ne. Aka sauke shi, ya dawo Abdulkafi a ƙafa. Haj Mahmoud ya yi masa sannu, ya ce ya zo daidai, iska ta yage gidan sauron.