In Ji Maitama

Dakta Fiddausi ta zo gida Ƙafur lokacin kaka, ta tarar da mahaifinta, Malam Maitama, a zaure yana ɗaure buhunan masara. Aikinta binciken kifin teku ne a Legas, shi kuwa bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Mairuwa girma ba.

Bayan sun gaisa ta zauna a gefen tabarma ta nuna masa fuskar wayarta.

"Baba, ka tuna binciken da na wallafa kan raguwar kifi a gaɓar teku? Yanzu masana daga Senegal har Indiya suna kafa hujja da shi. Duk wanda ya ɗauka sai ya faɗi inda ya samo."

"To, me suke cewa?"

"Cewa suke, in ji Maitama. A ƙa'idar aikinmu sunan uba ake rubutawa."

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ni da ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba!"

Fiddausi ta sunkuyar da kai. Ta tuna ranar da ya raka ta tashar Funtua, dangi na ta cewa ina 'yar manomi ina karatun teku. Shi da kansa ya ɗora mata akwati a mota, ya ce ta je ta gano masa.

"Na gode, Baba," ta ce.

"Allah Ya yi miki albarka," ya amsa. Sannan ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, ya zo ya sha labari.