Jira a Ƙarshen Kunya

Shekara shida gogen Baba Shago yana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi gida a jikin izgarsa. Hannun tsohon lafiya lau. Abokinsa Lawan ne ya rasu.

Su biyun sun shafe shekara arba'in suna yi wa manoman ƙauyukan Kunci kiɗan gayya, Lawan da ganga, Shago da goge. Ran Juma'a Lawan yana masallaci, ran Lahadi Shago yana coci, sauran kwanakin kuwa suna bakin gonar wani. Bayan rasuwar Lawan samari uku suka gwada riƙe masa ganga, duk ya fatattake su. Mutane suka ce rigimar tsufa ce. Bai musa ba, don shi kansa bai san abin da kiɗansu ya rasa ba. Abin da ya sani shi ne in ya mutu a haka kiɗan zai bi shi kabari, kuma wannan yana ci masa rai ƙwarai.

Da damina ta kankama sai ga jikarsa Leah daga Ungogo, inda take aiki a wani situdiyo tana haɗa wa matasa kiɗan rawa da kwamfuta.

"Angona, sauko da ƙwaryar nan," in ji ta. "Na kawo maka mai gangar da ba ya gajiya, ba ya kuma neman fura."

"Amarya, in dai wannan ƙarar taku ce mai kama da injin niƙa, mayar da abinki."

Ya gama cika bakinsa, ya sauko da gogen. Wa ke iya musu da Leah? A gindin ɗorawa ya goga wa izgar ƙaro, ya ja kiɗan huɗa, ita kuma tana ɗaukar sautin a kwamfutarta.

Washegari da hantsi ta kunna masa. Gogensa ne, ba shakka, yana tafe a kan wani bugu mai nauyi da ake ji har a ƙirji. Matan gidan suka ajiye taɓare suka hau rawa. Shi kuwa Shago fuskarsa ta ɗaure.

"Kashe shi. Me kika yi masa?"

"Gyara na yi, Baba. Akwai wuraren da kake jan kiɗan kana makara, sai na yanke su ya tafi daidai da bugun."

Ran tsohon ya ɓaci. Shi ake ce wa yana makara! "Ke da ba ki taɓa riƙe garma ba, ke za ki gyara kiɗan noma?"

Leah jininsa ce, har da zuciyar. Ta ɗaura zane a kan wandonta, ta saɓi garma, ta nufi gonar bayan gida, waya na kiɗa a ƙugunta. Ya bi ta don ya yi dariya. Ta kama kunya tana huɗa tana bin bugun, kuma gaskiya ba ta yi laifi ba. Da ta kai ƙarshe ta miƙe tana haki, ta dafe baya, ta juya za ta kama sabuwar kunya, kiɗan ya riga ya yi gaba ya bar ta.

"Kai, wannan kiɗa ba shi da tausayi," in ji ta. "Ko jirana ba ya yi."

Shago ya daina dariya. Nan take a zuciyarsa ya ga Lawan tsaye a bakin gona, ganga a rataye, idonsa ba ya kan gangar, yana kan manomin da ke baya. Duk ƙarshen kunya sai ya ɗaga hannu ya bar goge shi kaɗai yana kuka, har mai rauni ya juya ya daidaita da 'yan uwansa, sannan ya saki bugu. A gayyarsu ba a taɓa barin wani a baya an yi masa ihu ba. Shekara arba'in Shago yana jan kiɗansa a wannan wurin, bai taɓa tunanin dalili ba. Samarin nan uku kuwa 'yan mata masu kawo ruwa suke kallo.

Ya zauna a kan kunyar, ya faɗa wa Leah komai. Sannan ya girgiza kai. "Amma kwamfutarki ba ta da ido."

"Ni ina da shi," ta ce. "Baba, mu ma a gari muna ɗauke bugu mu bar masu rawa suna jira, sannan mu sako shi. Ashe kun riga mu."

Kwana huɗu suka yi suna faɗa suna shiryawa a gindin ɗorawa. Ran Asabar aka yi gayya a gonar Inna Aina'u, matar marigayi Lawan. Aka ɗora sifika da batir a kan amalanke. Manoma ashirin suka jeru, wasu na gunaguni wai yau injin zai yi musu kiɗa. Shago ya ja goge, Leah ta saki bugu, garemani suka faɗa ƙasa lokaci ɗaya.

Malam Sha'aban, wanda ya haura sittin, shi ne a baya. Da na gaba suka kai ƙarshe, Shago ya saci kallon jikarsa. Idonta na kan Sha'aban. Ta danna, bugu ya ɗauke, goge kaɗai ya rage yana zagaya gonar. Tsohon ya ƙarasa, ya juya, ya tofa yawu a tafinsa. Sai ta sako shi. Ihun da aka yi har ƙauyen gaba an ji, samari na huɗa suna karkaɗa kafaɗa.

Shago yana kiɗa hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba. Ya gode wa Allah, ya gode wa Lawan da ya yi shekara arba'in yana kyautata wa mutane bai taɓa faɗa ba, ya gode wa wannan yarinya mai taurin kai.

Da aka tashi shan fura, Inna Aina'u ta zo da wani abu a naɗe cikin tsumma. Gular mijinta ce, wadda yake kaɗa ganga da ita, ta yi santsi saboda riƙo. Ta ajiye ta kusa da kwamfutar Leah.

"Inna, ai ni ban iya ganga ba."

"Na sani, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ina can ina dama fura na ji an jira na baya. Tun da maigidana ya tafi ban sake jin haka ba."