Jinin Gidan Laraba

Dakta Yusufu na cikin goge yatsan wani tsoho da auduga ya ɗaga kai, sai ya hango mahaifiyarsa a layi.

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kuɗin mai sun cika gari. Jami'a ta ba su Yusufu Landiroba sabuwa fil, suna zaga ƙauyukan Faskari suna ɗibar jini don gano yadda amosanin jini ke bin zuri'a. Kusa da shi, a rumfar kasuwar Tafoki, Baturen farfesa ne zaune, wanda maganar tafiyar Yusufu Ingila ƙaro karatu ke hannunsa. Gogan naka kuwa tuni ya gaya wa Baturen wai shi ɗan birnin Katsina ne, ubansa akawu. Ina! Ɗan Maguzawa ne, a bayan dutsen can aka yanke masa cibiya, kuma da giyar da uwarsa ke dafawa aka ɗinka masa wandon makarantar mishan.

Ga ta nan, Laraba, ba takalmi, zane ɗaure a ƙirji, ƙanensa Gide na biye da ita. Ta zauna a benci, ta miƙa hannu, ta kawar da kai. Ba abin mamaki ba ne. Shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma kallonsa a gaban mutane.

Shi kuwa ba al'ada ce ta rufe masa baki ba. Idon Baturen yake ji.

"Iya, 'ya'ya nawa kika haifa?" ya tambaya da muryar asibiti.

Ba shi ta ba amsa ba, ƙanen ta duba. "Gide, gaya mashi ukku sun koma. Ciwon ƙashi, duk da damina. Saura kai da Zainabu."

Yusufu ya fassara. Ai ya san ukun nan. Ƙaraminsu, Almu, Yusufu ne ya riƙa goya shi yana ihu, ƙafafu a kumbure. Saboda Almu ya shiga wannan karatu tun farko.

Farfesa ya gyara zama. "Irin gidan da muke nema ke nan! Jinin kowa nake so. Tambaye su, babu wani ɗa kuma?"

Yusufu ya tambaya, idonsa a kan allura.

Gide ya washe baki. "Haba! Akwai Yaya mana, ga..."

"Na gaba!" Yusufu ya daka tsawa.

"Me ya ce?" in ji Farfesa.

"Wai akwai babban ɗa, amma ya yi nisa."

"Kash," Baturen ya ce, ya koma kan kwalabensa.

Laraba ta tashi tana danne yatsa da auduga, ta bi ta tsakiyar matan layi. Yusufu ya ƙarasa aikin ranar gumi na bin bayansa. Wallahi da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Da la'asar suna ɗora akwatuna a mota, sai ga Gide da ƙwarya cike da ƙwan zabi. Yusufu ya tsaya jiran zagi. Ya ma fi son a zage shi.

"Yaya, Inna ta ce a kawo ma wanga." Gide sai fara'a yake yi. "Yau ba ta taka ƙasa don daɗi. Ta ce duk matan Tafoki sun gani da idonsu, ko ɗaga kai ba ka yi ka dube ta ba. Da na so in yi suɓul da baka, kai ka tsawata mani. Ta ce a bar cewa boko na ɓata ɗiya, nata dai ya san girman uwa."

Yusufu ya karɓi ƙwaryar.

Farfesa ya leƙo ta tagar mota. "Wannan ba ɗan matar nan ba ne? Me yake so?"

Yusufu ya dubi ƙanensa, ya dubi Baturen. Direba ya riga ya tayar da mota.

"Ƙwai yake sayarwa," ya ce.