Ƙwame da Baƙin Ruwa

Maganar daga Kasuwar Dole ta taso, wai wani mai magani ya zo Damagaram da ruwan wanke jini, kuma ba ya roƙon a yarda da shi, nunawa yake yi. Yana ɗiga wani abu a kofin gilashi, ruwa ya yi duhu, ya ce ga dattin da ke yawo a jinin mutum. Sai ya zuba cokali ɗaya na maganinsa, nan take ruwan ya koma garau.

Madam Rahina, wadda ta shekara talatin tana koyar da kimiyya a lise, babbar makarantar sakandare, kafin ta aje alli, ta ɗauka irin zancen nan ne da ke mutuwa da kansa. Sai ga Tani, matar ƙanenta Sha'ibu, ta iso daga Droum ido ya yi ja. Ta ce sati uku ke nan Malam, wato Sha'ibu, ya aje ƙwayoyin tansiyo, na hawan jini, da lokotoro ya ɗora shi a kai, ya koma wa kwalbar mai maganin. Rahina ta tuna da Baba. Hawan jinin nan ne ya kayar da mahaifinsu a bakin gona, ɓarin jiki ya shanye, kuma shekarun Sha'ibu yanzu sun kai nasa.

Ranar Alhamis ta yafa mayafi ta tafi kasuwar da niyyar kama hannun mutumin yana dabara. Ta kutsa gaba, ta ce ita za ta riƙe kofin. Wari ɗaya ta shaƙa ta gane abin da yake ɗigawa: iyod ne, jan maganin nan da ake shafa wa rauni. Amma da ya zuba cokalinsa, duhun ya ɓace a hannunta, tana kallo. Babu dabarar hannu ko kaɗan. Mutumin ya ce tsamin maganin ne ke cinye datti, jama'a suka gyaɗa kai, don wa bai taso yana jin cewa tsami na wanke jiki ba?

Ta sayi kwalba ɗaya, ta biya farmasi ta ɗauki iyod. Washegari da hantsi ta jera kofunan shayi a tabarma, ta cika su da tsararon ruwan gasara, ta ɗiga iyod daidai wa daida. Duk suka yi baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar an tsoma baban rini. Ta aika a kira Sha'ibu, ya zo a kan babur, ya zauna yana murmushin wanda ya san za a yi masa faɗa.

“Yaya, ke dai in ba Bature ne ya rubuta ba, ba ki yarda.”

“Ko shi ya rubuta sai na gwada. Miƙo min kwalbar mai maganin naka.”

Maganin ya share kofin farko. Sha'ibu ya gyara zama, ya ce to Alhamdu lillahi, yau boko ya gani da idonsa. Ta ce ya dakata, tunda an ce tsami ne, bari a gwada tsami. Ta zuba binegar, wanda ya fi komai tsami a gidan. Kofin bai ko motsa ba. Ta zuba jiƙon tsamiya, da ƙyar baƙin ya ɗan sassauta. Ta matsa lemun tsami, ya share, amma sai da ta yi ta ɗigawa.

A nan ta so tsayawa, don littattafan da ta koyar da su lemu suka sani. Sai idonta ya faɗa kan ƙullin ƙwame da Tani ta kawo mata tsaraba, farin garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono. Ta jiƙa kaɗan, ta tace, ta ɗiga. Kafin ta kai rabin abin da lemu ya ci, kofin ya washe. Ta sake haɗa wani ta gwada, haka. Ta tsinko ɗanyen zogale a bayan ɗaki, ta daka, ta matse koren ruwan da ba shi da tsami ko na miskala. Shi ma ya kore baƙin.

Ta daɗe riƙe da kofin a hasken rana. Ta san bayanin, ta sha rubuta shi a allo: iyod mai ƙwace ne, duk abin da ya taɓa sai ya fizgi wani ɗan ƙanƙanin abu daga jikinsa, shi ya sa yake kashe ƙwayar cuta. Bitamin da ke cikin lemu kuwa shi ke miƙa nasa tun kafin a ƙwata, mai ƙwacen ya samu, ya lafa, har launinsa ya tafi. Kuma irin waɗannan masu ƙwace suna tasowa a jikin mutum da kowane numfashi. Su ne dangin abin da ke sa goro ya yi ja in an fasa, man gyaɗa ya juya in ya daɗe. Amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa kukar bakin gidansu, wadda suka yi ta jifa suna yara, ta fi lemun littafi ba. Shekara nawa talakawan Droum suna shan wannan a ƙwarya, ba wanda ya san sunansa!

“Ikon Allah,” ta ce a hankali. “Sha'ibu, dubi abin da ke rataye a kanka tun haihuwarka.”

Ya bi kofunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, to ai ke nan maganin gaskiya ne, tunda aikin ƙwame yake yi, shi ma ƙwamen sai ya wanke jinin. Ta ce ta ga abin da suka yi wa iyod a kofi, na jijiya kuwa ba ta gani ba tukuna, amma akwai mai gani. Ta shiga ɗaki ta fito da abin awon tansiyonta, ta ce ya naɗe hannun riga. Ya yi gardama kaɗan, ya ce jikinsa sakayau yake ji. Ta ce Baba ma haka ya ce da safen ranar da ya faɗi.

Ya miƙa hannu. Ta auna, ta bari ya huta, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sannan ta juya masa lambar ya karanta da kansa. Lokacin da yake shan ƙwayoyinsa, sha uku yake, kusan awon mai lafiya. Bayan sati uku a kan ruwan wanke jini, tansiyon Sha'ibu sha tara ne.