Ɗakin Sabuwa Mai Taya Biyu

Duk kasuwar Al Ras ta Dubai babu wanda ya kai Ɗantani loda kwantena, kuma idan ba ka sani ba shi da kansa zai gaya maka. Ɗan Ƙofar Wambai ne, siriri kamar tsinken tsire, baki kuwa kamar an manta rediyo a kunne. 'Yan kasuwar Kano su jibge masa kaya a gaban sito, atamfa, turare, wayoyi, injin markaɗe, su ce, "Ɗantani, anya zai shiga?" Sai ya zagaya kayan, ya taune leɓe, ya ce, "Alhaji, har kai ma akwai wurinka in za ka lanƙwasa ƙafa." Tukunya cikin tukunya, takalma cikin firji, safa cikin takalma. In ya hango gurbi ko na tafin hannu ne, jikinsa ƙaiƙayi yake yi har sai ya cusa wani abu.

To, matsalar ita ce matarsa za ta zo, kuma ita ba kwali ba ce.

Sabuwa sunanta. Ko lallen biki bai gama gogewa a ƙafarta ba Ɗantani ya hau jirgi, yau shekara ta huɗu ke nan. Ɗakin da ya fara gina mata a gidansu ya tsaya a linta, don haka a ɗakin ƙannensa mata take kwana, kayan jerenta na ɗaure a buhuna ƙarƙashin gado. Yanzu bizar wata guda ta fito, za ta iso lokacin sanyi. Shi kuma a unguwar Al Nahda gado ɗaya yake haya, hawa na sama, a ɗaki cike da ƙarti. Wanda ke ƙasa da shi, Sanda, in ya fara minshari har ƙarfen gadon amsawa yake yi. Ina za ka kai amarya nan? Otal na wata guda kuwa, ko a mafarki Ɗantani ya shiga sai sun biyo shi da rasit.

Lokacin kasuwar gine-gine ta faɗi, Turawa na ta tattara nasu-ya-nasu suna barin gari. Wata rana aka tura shi unguwar Mirdif ɗaure wa wani Bature kaya. Ya leƙa bayan gida neman inda zai yi alwala, sai ya yi karo da shi: karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja. Ya girmi Ɗantani nesa ba kusa ba. Zagaye yake kamar burodi, fenti ya ɓaɓɓare, taya ɗaya ta zauna, rairayi ya cika taga.

"Wannan fa, masta?"

Bature ya ce na mahaifinsa ne, tun daga ƙasarsu aka kawo, yanzu bola zai tafi. Ɗantani ya leƙa ciki. Gado, ɗan teburi, murhu, ƙofa mai sakata. Sakatar ce ta tafi da shi. Ya ja ta, ya mayar, ya sake ja. Rabonsa da ƙofar da shi ke rufewa tun a Kano.

Nan take ya kira Braimah.

Braimah mutumin Zangon Kumasi ne, mai furfura a gemu, a gareji ya tashi tun yana ɗan mitsitsi. Yanzu shi ke kula da gonar wani Balarabe a Al Awir, shi ne direba, shi ne mai gyaran famfo, shi ne alƙalin awaki. A wurin wata mai sayar da shinkafa da wake a Al Karama suka saba, Ɗantani na zagin yajin Ghana yana ƙara cokali.

Braimah ya zo da a-kori-kurar gona, ya zagaya karaban, ya sa ƙafa a ciki, ƙafar ta wuce ƙasa.

"Chale, wannan gawa ne."

"Kawu, suma ya yi. Kai ba likita ba ne?"

"Mace za ka sa a nan? Ei! 'Yar mutane?"

"To in kai ta gadon sama? Ita da Sanda su raba minshari?"

Braimah ya yi dariya har da tari, ya ciro ƙafarsa, ya ce, "Yalla, kawo igiya."

Mai gona ya yarda a ajiye shi a inuwar wata bishiyar gaf, bayan garken raƙuma. Daga nan Juma'ar Ɗantani ta zama ta karaban. Ana idar da sallah sai ya kama hanya. Suka ɓanɓare ruɓaɓɓen katakon ƙasa suka shimfiɗa sabo. Suka yi yawon sana'iyyar Sharja, unguwar kayan gyaran mota, neman boris da taya irin ta da, Ɗantani na ciniki da Larabci, Urdu da hannu, har wani Patan mai shago ya ba shi robar taga kyauta don kawai ya tafi. Wayoyin wuta duk rana ta cinye, kana taɓawa suna marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Braimah ya sake su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Ɗantani aka ba shi sanfefa.

"Kawu, ni fa babban ma'aikaci ne a Al Ras."

"A nan kai ɗan goge-goge ne. Shwaiya shwaiya, a hankali, bi jijiyar katako, kar ka tsallaka."

Da ya goge tsohon fenti na ciki, sai ga katako mai launin zuma ya fito, mai laushi kamar kumatun jariri. Ɗantani ya ajiye sanfefa. Ya shafa da tafin hannu. Daga ranar bai ƙara ƙorafi ba. Yatsunsa suka saɓule, ƙusa ta yage masa gefen hannu, ya ɗaure da salatif ya ci gaba. Waje suka yi masa fenti ruwan ƙwai da ɗamara shuɗiya. Teburin da ke naɗewa ya koma gado suka gyara masa ƙafa. Sherifa, matar Braimah, ta ɗinko labule daga Al Karama.

A waya kuwa bai gaya wa Sabuwa komai ba sai, "Ke dai ki zo. Gidanki har tafiya yake yi."

"Kai dai da zuƙi-ta-malle."

"Wallahi Hajiya. In maƙwabta suka dame ki sai mu ja abinmu."

Da aiki ya ƙare, ya tsaya a ƙofa yana kallon ciki. Gado, teburi, murhu, katako na sheƙi. Tsakiya kuwa fili fetal. Sai ƙaiƙayin nan ya taso masa. Shekara huɗu a Dubai, mace ta tsallako teku ta tarar da ɗaki wayam? Ta koma Ƙofar Wambai ta ce me?

Ya faɗa kasuwar Naif. Duk abin da Sabuwa ta taɓa ambata a waya, ko da wasa, yana cikin kansa. Kular abinci mai hawa uku. Injin markaɗe. Bargo mai damisa. Abaya, takalma, kofunan shayi masu bakin zinare, keken ɗinki na hannu da ya samu wurin wani Ba'indiye. Kuma da yake hannu ya riga ya saba, kowanne sai da ya shiga kwali, ya sha salatif, ya ɗauko alƙalamin maka ya rubuta a jiki da manyan baƙaƙe yadda ya saba yi duk lokacin da zai aika mata kaya: SABUWA, KANO, da lambar waya. Sannan ya loda. Mai nauyi a kan taya, mai fashewa a sama, bargo a tsakani. Ƙarƙashin teburi, kan gado, cikin kabad, har saman murhu. Ya bar wani siririn lungu daga ƙofa, daidai mutum ɗaya a karkace.

Braimah ya leƙa ya dafe kai.

"Chale, ina za ku zauna?"

"Kawu, kai ka san gyara, ni na san lodi. Ko allura ba ta motsi a nan."

"Ni matarka nake tambaya, ba allura ba."

"Ta gani tukuna! Ta ga mijinta ba barci ya zo yi ba."

Braimah ya juya ya tafi wajen awakinsa.

Ranar da Sabuwa ta iso, da la'asar suka ɗauko ta daga filin jirgi. Ta ɗan yi ƙiba, ta yi haske, gyalenta ruwan toka. A mota Ɗantani ya cika ta da surutu, wancan bene kaza ne, wancan jirgin ƙasa ba shi da direba, ita kuwa satar kallon gefen fuskarsa take yi tana kare baki da gyale. Da suka shiga gona ta hango karaban a inuwa, ruwan ƙwai da shuɗi, sai ta dafa ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ashe da gaske kake?"

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

"In fara lissafi?"

"Khalas, shi ke nan, buɗe ƙofarki."

Ta cire takalmi a kan ɗan matakalar ƙarfe, ta yi bismillah, ta ja ƙofa. Bangon kwalaye ya tare ta. Ɗantani na bayanta yana washe baki, yana jiran guɗa.

Guɗa ba ta zo ba. Ta sa yatsa a kan kwalin da ke gabanta ta bi rubutun a hankali. Ta duba na samansa. Ta duba na gefe. Sannan ta sauko, ta mayar da takalminta.

"Malam, yaushe jirgin ruwan zai tashi?"

"Wane jirgi kuma?"

"Na ga an gama ɗaure ni. Sabuwa, Kano. Ko zama ban yi ba."

"A'a, kayanki ne! Akwai keken ɗinki, akwai kula mai hawa uku..."

"Na sani." Muryarta ta yi ƙasa. "Irinsu ne cike da ɗakin su A'i ƙanwarka. Duk wanda ka aiko yana nan da salatif ɗinsa. A ina zan buɗe? A kan katifar ƙannenka? Kullum in tashi in ga sunana a jikin kwali. Na ce bari in zo inda mutumin yake, ko wata guda ne in shimfiɗa tabarma inda na ga dama, in ajiye buta inda na ga dama."

Ta goge ido da bakin gyale, ta yi wata 'yar dariya. "Sai na tarar sun riga ni zuwa."

Ɗantani, mutumin da ya sa Patan ya ba da kaya kyauta, ya waiwaya wajen Braimah neman ceto, Braimah ya kama duba kofaton akuya kamar a nan aka ɓoye albashinsa.

Sai Ɗantani ya tuɓe riga mai kyau da ya sa don filin jirgi, ya rataye a reshen gaf, ya shiga lungun a karkace.

Braimah ya kawo wa Sabuwa kujera da shayi. "Zauna, 'yata. Yau za ki ga abin da Al Ras ba su taɓa gani ba. Ɗantani na sauke kaya."

"Sannu Baba. Ashe kai ka sha wahalarsa."

"Paa, sosai! Amma katakon ciki shi ya goge, ni ban taɓa ba."

Kwali na fita, wuri na buɗewa. Ɗantani na jera su gindin bishiya, yana haki, kuma da yake hali ba ya ɓuya, jerin ma sai da ya fito tsaf kamar bango.

"A hankali da wancan, Malam, an rubuta mai fashewa."

"Ni na rubuta ai!"

"To karanta."

Da na ƙarshe ya fita, rana ta sunkuyo ta shiga ta taga, ta kwanta a kan katakon nan mai launin zuma. Sabuwa ta sake cire takalmi ta hau. Ta tsaya a tsakiya ta miƙa hannuwa biyu, ba su taɓa komai ba. Ta juya sau ɗaya. Ta shafa bango, ta shafa gefen teburi, ta ɗaga labule ta sake shi. Ɗantani na bakin ƙofa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Babu komai a ciki fa," ya ce a hankali.

Ta kama hannunsa ta juya tafin sama. Ta ga yatsun da suka saɓule, ta ga tabon ƙusa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sake shi.

"Miƙo min jakata. Da kofuna biyu, biyu kawai. Sauran su sha iska."

Ya miƙo. Ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Ina zuwa? Namiji ne ke jere a garinku? Fita."

Ta rufe ƙofa.

Ya koma kan wani kwali kusa da Braimah ya zauna. Daga ciki suna jin motsi, an ja wani abu, an kakkaɓe wani abu, an buɗe kabad an rufe, can kuma sai ga 'yar waƙa ƙasa-ƙasa ta hanci. Raƙumi ɗaya ya miƙo wuya ta saman shinge yana kallonsu.

"Kawu, me take yi haka?"

"Ba ruwanka. Sha shayi."

Ya sha. Ya tashi, ya zauna. Ya je ya wanke fuska a famfon awaki, ya mayar da rigarsa, ya gyara hula. Da motsin ya lafa, ya nufi ƙofar da ya shiga ya fita ba adadi da guduma a hannu. Ya kai hannu zai ja, sai ya tsaya. Ya janye hannun. Ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Ya ƙara ɗaga murya.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam," in ji Sabuwa daga ciki, kuma kana jin dariyar da take dannewa. "Wa ke sallama?"

"Wani bawan Allah ne daga Al Ras."

"Da kwali a hannunsa?"

"Wallahi hannu biyu ya zo."

Ta bar shi a tsaye ɗan lokaci, don ya san ɗakin yana da mai shi. Sannan ta ce, "To, a cire takalmi a shigo."