Kwanon Rufin da Bai Iso Ba

Mu goma sha takwas muka taso daga cocinmu a doguwar mota, aikin sa kai na kwana biyar a wani ƙauye mai nisa. Muna sauka ranar Litinin aka raba aiki. Nas ta kama ajin makaranta tana duba marasa lafiya, mata suka kwance dilolin tufafi. Ni kafinta aka haɗa ni da maza shida, har da tela da mai gyaran waya, ba wanda ya taɓa hawa rufi a cikinsu. Aikinmu shi ne sake rufin ɗakin wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Mijinta na kwance a ciki shekara biyu, rabin jikinsa ya shanye.

Na hau na duba. Kwanon ya yi tsatsa, yana yoyo wuri uku, amma yana riƙe.

"Dattijo, ina sabon kwanon?" na tambayi shugaban tafiyarmu daga sama.

"Yana hanya. Gobe da safe."

"To mu jira goben."

Ya juya ga sauran yana dariya. "Ku ji min kafinta! Sai ya taɓa kwano da hannunsa tukuna. Ɗan'uwa, wannan shi ake kira matakin bangaskiya. Kai dai ka buɗe, Ubangiji zai rufe."

"Amin!" suka amsa gaba ɗaya.

"Ko jiri ne ya kama ka?" in ji tela. "Sauko in hau, ka riƙe min almakashi."

Iya ta matso gindin tsani, ta kare rana da tafin hannu. "Ɗana, ku toshe ramukan kawai. Sama ba ta da tabbas kwanakin nan."

Dattijo ya dafa kafaɗarta. "Iya, wahala ce kika saba da ita. Mu ba faci muka zo yi ba."

Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa yaye rufi ba tare da sabo na ajiye a ƙasa ba. Amma ido goma sha biyu na kaina, ga uwar mawaƙan cocinmu ta ta da waƙa. Na ji kunyar a ce ni ne mai ƙaramar bangaskiya. Na sa guduma.

Kafin la'asar an gama. Ba cirewa suka yi ba, fizga suka yi. Kwano ya lanƙwashe, katako ya kakkarye, masu yi mana girki suka kwashe shi suka hura wuta. Tsohon kuwa muka ɗauke shi da katifarsa zuwa rumfar girkin Iya, wadda rufinta ciyawa ce da tsumma.

"Dare ɗaya ne, Baba," na ce masa. Ciwon ya hana shi magana. Ido kawai ya zuba min.

Talata direban motar kwano ya ce ya ɓata hanya. Laraba ya ce taya ta fashe. Alhamis wayarsa a kashe. Dattijo ya tara mu muka riƙe hannu muka yi addu'a a kan wayar.

Da azahar gari ya yi baƙi.

Ruwan awa uku aka yi. Ina tsaye ina kallon bangon ƙasa yana shan ruwa ta sama, yana kumbura, har na gabas ya zauna gaba ɗaya a kan gadon Iya da buhun hatsinta. A rumfa kuwa Iya ta duƙa a kan mijinta da faranti a hannu, tana tare masa ruwa daga fuska. Katifar ta jiƙe sharkaf. Kafin ruwa ya ɗauke ya fara tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Nas ta saurara, ta ba da ƙwayoyi, ta ja ni gefe.

"In ya sake jiƙewa, ba zai kai mako ba."

Juma'a da safe motarmu ta juya kai. Aka yi layi a gaban abin da ya rage na ɗakin, aka ɗauki hoto ta gefen da bango bai faɗi ba. Dattijo ya yi addu'ar rufewa, ya yi alkawarin za mu dawo bayan damina, sannan ya ce, "Iya, ko kina da kalma ga bayin Ubangiji?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Allah ya saka mini."

"Amin!" Har da tafi.

"Kun ji?" in ji uwar mawaƙa tana share hawaye. "Duk da abin da ya same ta, albarka take sa mana."

Ni na ji "mini" ɗin sarai. Ba lada ta roƙa mana ba, ƙararmu ta kai.

"Ba zan bi ku ba," na ce. "Sai na rufe musu wuri."

Na zaci Dattijo zai yi faɗa. Sai fuskarsa ta washe. "Madalla! Zan sa a rahoto cewa mun bar ƙwararre a wurin." Ya rungume ni, ya shige gaba, ya ja ƙofa.

Sai da motar ta sha kwana na juya neman akwatin kayan aikina. Wayam. Tun asuba aka loda shi ƙarƙashin kujera tare da ganguna. Na kira tela, na kira nas, na kira Dattijo. Waƙa suke yi, ba mai jin waya.

Na tsaya hannu rabbana a tsakar gida, ga tarin kwano a lanƙwashe, ga sautin tarin tsohon yana fitowa daga rumfa. Gabas ta sake yin duhu.

Iya ta sunkuya, ta ɗauko dutsen da take tokare ƙofa da shi, ta miƙo min a madadin guduma.

"Manta da ɗakin, ɗaki ya tafi. Rumfar za ka rufe." Ba ta ce "ɗana" ba. "Ka fara ta inda kansa yake."